Ku Tambayi Malam: Guguwar Kansas da Garin da Ta Share

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, duk a kan iska. Ta farko ce ta ci wuri, don haka masu tambaya kan takin zamani su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya samu gurbin karatun aikin gona a Jami'ar Jihar Kansas da ke Amurka. Muna cikin murna sai wata 'yar uwa ta turo wa mahaifiyarsa bidiyon wani gari mai suna Greensburg da guguwa ta share, aka ce a jihar yake. Tun ranar ta kafe, ta ce ba inda za shi. Don Allah me ya faru a garin nan, kuma abu ne da ya saba faruwa? Daga wani mahaifi a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah Ya sanya alheri, Ya sa a gama lafiya. Ka sami wanda ya dace da tambayar, don ni ma a jami'ar nan na yi karatu a farkon shekarun 1980. Tsohuwar alaƙa ce tsakaninta da mu, malamanta sun taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello tun a shekarun 1960. Abin da Hajiya ta gani kuwa ya faru, kada ka ce mata ƙarya ne. Sai dai a zauna a ba ta labarin daga tushe.

Gidajen rediyonmu sun saba kiran abu biyu da suna ɗaya, wato mahaukaciyar guguwa. Akwai wadda ke tasowa daga teku, faɗinta ɗaruruwan kilomita, ana hango ta kwanaki kafin ta iso, har suna ake raɗa mata. Ba ita ce ta Kansas ba, don Kansas ba ta da gaɓar teku ko ta taki ɗaya. Tasu ita ce tonado: iska mai juyawa da ke zubo ƙafa daga gindin hadari har ƙasa, siffarta kamar mazurari. Ba ta da suna, ba ta yin sallama, kuma galibi cikin 'yan mintuna ta gama abin da ya kawo ta. Amurka na ganin kusan 1,200 a shekara, mafi yawansu ƙanana ne da ke ƙarewa a fili.

Dalilin da ya sa ta fi son tsakiyar Amurka shi ne shimfiɗar ƙasar. Daga watan Afrilu zuwa Yuni iska mai ɗumi da laima kan taso daga tekun Mekziko a kudu, busasshiya ta zo daga hamadar kudu maso yamma, mai sanyi kuma ta tsallako duwatsun Rocky ta sama. Babu wani tsauni da ya gitta ya raba su. Idan ta ƙasa ta nufi wani wuri, ta sama kuma ta nufi wani da gudun da ya fi nata, sai iskar da ke tsakani ta riƙa murɗawa, kamar maburgi tsakanin tafin hannu biyu. Da hadari ya ja wannan murɗin ya tsayar da shi, to gajimaren gaba ɗaya ya fara juyawa ke nan. Daga irin wannan hadari ne manyan ke fitowa.

Greensburg ita ce hedikwatar gundumar Kiowa, a kudu maso yammacin jihar, tafiyar sa'a uku da wani abu a mota daga inda yaronka zai zauna. Gunduma ce ta manoma da makiyaya, alkama da dawa da masara da shanu. Eh, dawa, irin tamu, sai dai gajeriya ce kuma dabbobi suke ba wa. A ƙidayar 2000 mutanen gundumar duka 3,278 ne, kusan rabinsu a Greensburg. Unguwa ɗaya a Funtuwa ta fi su yawa. Na taɓa yada zango a garin ina ɗalibi, saboda wata rijiya da suke alfahari da ita, wadda aka haƙa da hannu aka gama a 1888. Zurfinta mita 33, faɗin bakinta kusan mita 10. Na biya kuɗi na sauka ta matattakala har kusa da ruwa, ina tunanin me masu haƙar rijiyar garinmu za su ce in sun gani. A ɗakin da ke gefe sun ajiye wani dutse da ya faɗo daga sama, nauyinsa kusan kilo 450. Gari ne mai inuwa, manyan bishiyoyi sun rufe tituna. Ka riƙe maganar bishiyoyin nan.

Gundumar ta daɗe da shiga littattafan masana yanayi, tun kafin bidiyon Hajiya. Ranar 22 ga Yunin 1928 wani manomi mai suna Will Keller yana gonarsa kusa da Greensburg, yana duba alkamar da ƙanƙara ta lalata masa, sai ya hango guguwa uku suna saukowa daga hadari. Ya kwashi iyalinsa ya tura su cikin ramin da suka tanada don haka. Yana bakin ramin zai rufe ƙofa sai ya ga ɗayar ta ɗage ƙafarta daga ƙasa, ta nufo shi a sama. Maimakon ya shige, sai ya tsaya ya ɗaga kai. Ya ce ya ga cikinta buɗe kamar rijiya a kife, faɗin bakin tsakanin mita 15 zuwa 30, ta miƙe sama kusan mita 800, walƙiya na haskaka bangonta, ƙananan guguwoyi na ɓallewa daga gefenta suna huci, ga wani wari da ya hana shi numfashi sosai. Wani jami'in yanayi na garin Dodge City ya rubuta bayaninsa, aka buga a 1930, har yau ana kawo shi a darasi. Ni dai da ɗana ne, da na ja masa kunne. Amma abin lura a labarin shi ne, tun 1928 manomin karkara yana da raminsa a tsakar gida, idonsa ne kawai gargaɗinsa.

Gargaɗin hukuma bai zo da wuri ba. Shekaru da dama an hana jami'an hasashen yanayi ambaton kalmar tonado a sanarwarsu, wai kada jama'a su firgita, kuma sai a 1950 aka ɗage hanin gaba ɗaya. Hasashen farko da ya yi daidai wasu sojojin sama biyu ne suka yi shi a jihar Oklahoma ranar 25 ga Maris 1948. Duk da haka labari bai cika isa ƙauye a kan lokaci ba. Ranar 25 ga Mayun 1955, wajen ƙarfe 10:30 na dare, guguwa ta faɗa wa wani ɗan gari mai suna Udall a kudancin Kansas. Mutane sun riga sun kwanta. Garin bai kai mutum 600 ba, kusan 80 suka rasu. Har yau ba a yi wadda ta fi ta kisa a tarihin jihar ba.

To, yanzu ga daren Greensburg. Juma'a ce, 4 ga Mayun 2007. Ma'aikatan ofishin yanayi na Dodge City suna bin hadarin a na'urar rada, mai hango hadari daga nesa, tun yana kudu. Jiniyar garin ta fara kuka kimanin minti 20 kafin isowarta. Ƙarfe 9:41 suka fitar da sanarwa mafi tsanani da suke da ita, wadda ba a yin ta sai an tabbatar babbar guguwa ta doshi gari. Wajen 9:45 ta shigo ta kudu. Faɗinta kilomita 2.7, wato ta fi garin kansa faɗi, gudun iskarta kuma an ƙiyasta ya kai kilomita 330 a sa'a. Ta rusa kashi 95 cikin 100 na garin, gidaje da shaguna kusan dubu. Asibiti, makarantu, ofishin 'yan kwana-kwana, majami'u, tankin ruwan gari, duk a dare ɗaya. Da na ga hotunan a lokacin, abin da ya fi tsaya mini a rai bishiyoyin nan ne: kututture tsirara, ba reshe, ba ganye, har ɓawon ta saɓule. Dutsen nan na sama sai daga baya aka tono shi a ƙarƙashin ɓaraguzai. Rijiya kuwa tana nan, abin da ke ƙasa ba ruwanta da shi.

Mutum 11 suka rasu. Rai ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne, amma ka ɗora wannan a kan na Udall. Dukansu biyu da dare suka zo, dukansu a matakin ƙarshe na ƙarfi. Can kusan 80 a gari ɗan mitsitsi, nan 11 cikin mutum kusan 1,500. Iskar ba ta yi sauƙi ba. Minti 20 aka samu, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da mutanen da suka san me jiniya ke nufi. Wannan shi ne abin da nake so Hajiya ta ji.

Tunda kai ma daga ƙasar noma kake, bari in ɗan faɗa maka abin da kyamara ba ta cika ɗauka ba. Ma'aunin ƙarfin guguwa wani masani ɗan asalin Japan, Ted Fujita, ya fito da shi a 1971, aka sabunta shi a Fabrairun 2007, kuma ta Greensburg ce ta farko da ta kai mataki na 5, wato na ƙarshe, a sabon ma'aunin. Amma ba iskar ake aunawa kai tsaye ba, ɓarnar da ta bari ake dubawa a ƙiyasta gudun. Saboda haka guguwar da ta bi ta daji ba ta taɓa gini ba, komai ƙarfinta, da wuya ta samu babban mataki. A daren nan ma hadarin ya sake haifar wata kusa da ƙauyen Trousdale, faɗinta kilomita 3.5, ta fi ta Greensburg girma, amma mataki na 3 aka ba ta, don gonaki ta fi bi. Shi kuwa manomin da ta bi ta kansa, ba lamba ce ta dame shi ba. Shingen waya ya tafi, shanun da suka tsira sun bazu, wasu sun ji raunin da sai dai a ƙarasa su. Dogayen bututun ban-ruwa masu zagaya gona sun murɗe kamar igiya. Alkama kuma saura wata guda da ɗoriya a girbe ta, ga gona cike da ƙusa da kwanon rufi da katako, wanda in ya shiga injin girbi ya gama da shi. Sai da mutane suka yi sahu suna bin gonaki da ƙafa suna tsincewa, irin gayyar da muka sani.

An ƙiyasta asarar a dala miliyan 250. Shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, ya je ya gani bayan kwana biyar, ya kuma koma bayan shekara ya yi jawabi a bikin yaye ɗalibai 18 na sakandaren garin. Mutanen sun zauna a gidajen wucin gadi na gwamnati, suka yanke shawarar sake gina garin ta hanyar da ba ta cin wuta da ruwa sosai. Sabon asibiti da sabuwar makaranta sun buɗe a 2010, an kafa manyan fankoki 10 masu samar da lantarki daga iska a bayan gari, an yi wa rijiya sabon gidan tarihi a 2012. 'Yan jarida sun yi ta zuwa suna yabawa, kuma abin a yaba ne.

Sai dai ni, a matsayina na wanda ya yi rayuwarsa a harkar noma, alƙaluman ƙidaya na fi dubawa. A 2000 mutanen Greensburg 1,574 ne. A 2010 sun koma 777. A 2020, 740. Tsofaffi da yawa sun karɓi kuɗin inshora suka koma kusa da 'ya'yansu a birni, don mai shekara 75 ba zai soma gini daga tushe ba. Masu haya ba su da abin jira. Wanda ya sa yaransa a makarantar wani gari ya sami aiki a can, shi ke nan. Birni in guguwa ta cinye masa unguwa, sauran unguwanni su ɗauki nauyinta. Gundumar karkara asibitinta ɗaya, kasuwarta ɗaya, in sun tafi tare ba mai tallafar wani. Dama can matasa na guduwa daga ƙauyukan Kansas kamar yadda namu ke yi, guguwar ta zo ta yi a dare ɗaya abin da zai ɗauki shekaru da yawa.

Game da yaronka, ba zan ɓoye maka ba: garin Manhattan, inda jami'ar take, shi ma ya taɓa gani. Ranar 11 ga Yunin 2008 da dare wata mai mataki na 4 ta ratsa shi, ta lalata gidaje da wasu gine-ginen jami'ar, amma ba a rasa rai a garin ba. Shawarata a bar shi ya tafi. Yawancin mutanen Kansas sukan tsufa ba su taɓa ganin guguwar ta taɓa gidansu ba, kuma in ana maganar haɗari, hanyar da zai bi zuwa filin jirgi ta fi ba ni tsoro. Abin da zai yi kaɗan ne. Kafin ya kama ɗaki ya tambaya ina mafaka take. Ya bar saƙon gargaɗi a kunne a wayarsa. Ya san cewa sanarwa iri biyu ce, ta a zauna cikin shiri da ta a ɓuya yanzu. In ya ji ta biyu ya sauka ƙasa, in babu ɗakin ƙasa ya shiga ɗan ƙaramin ɗaki na tsakiyar gini wanda ba taga, ya kare kansa. Kada ya fake ƙarƙashin gada, kada kuma ya tsaya ɗaukar bidiyo don ya turo wa 'yan gida.

Ranar da na fara jin jiniyar nan, rana tsaka ce, sama wasai. Na fito a guje ba takalmi, na tarar da tsohuwar da nake haya a gidanta tana shayar da furanninta. Ashe ranar gwaji ce. Da ta gama dariya sai ta kai ni ɗakin ƙasa ta nuna mini kayanta: tocila, rediyo mai batir, ruwa a galan, bargo, da tsofaffin takalma masu tauri. Na tambaye ta na mene ne takalman. Ta ce wanda ya fito daga rami bayan guguwa, kan ƙusa da gilashi zai taka.

TAMBAYA: Malam, kullum in an nuno ɓarnar guguwa a Amurka sai in ga katako a warwatse. Duk arzikinsu me ya hana su yin gini da bulo da siminti kamar mu? Daga wani magini a Maraɗi.

AMSA: Maigida, tambayar masu sana'a ke nan. Katako ya fi araha a wurinsu, ginin ya fi sauri, kuma ya fi sauƙin cusa wa abin da ke tare sanyi, a ƙasar da ruwa ke daskarewa watanni. Sannan suna lissafi: ƙafar guguwa siririya ce in an gwada da faɗin ƙasar, gida zai iya shekara ɗari ba ta bi ta kansa ba. Maimakon a ninka kuɗin gida duka, sai a zuba siminti da rodi a ɗaki ɗaya na ƙasa.

Kada kuma ka ba bulo amanar da ba zai iya riƙewa ba. Sakandaren Greensburg da jan bulo aka gina ta, haka shagunan babban titin garin, kuma sun zube. Iskar da ke ɗaukar mota ta yi jifa da ita, bangon da ba rodi a cikinsa ba ya tsaya mata, in ya faɗo kuma ya fi katako kisa. Abin da ya tsaya cak a garin shi ne dogon rumbun hatsi na kankare, sai tsohon ginin kotun gunduma da ya tsira da rauni. Inda aka fi mutuwa a Amurka shi ne gidajen tafi-da-gidanka, waɗanda ba su da tushe a ƙasa, kuma talakawan karkara ne a cikinsu.

TAMBAYA: Malam, ina aji biyar a sakandare. Guguwar da muke gani da rani tana kwasar leda da kara, ita ce ƙaramar tonado? Kuma iskar da ta yaye mana rufin aji bara fa? Daga wata ɗaliba a Azare.

AMSA: 'Yata, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Kama suka yi, ba dangi ba ne. Tamu daga ƙasa take tashi. Rana ta gasa fili, iskar da ke dab da ƙasa ta yi zafi ta yunƙura sama, ta samu abin da ya ɗan murɗa ta, sai ki ga ƙura ta miƙe tana rawa. Ba hadari, ba gajimare, minti kaɗan ta mutu. Muna yara an hana mu shiga cikinta, wai ta aljanu ce, kuma ko ba komai hanin ya tsare mana idanu. Tonado kuwa ba ta samuwa sai da hadari, kanta a manne yake da gajimare.

Wadda ta yaye muku rufi, in farkon damina ne, kusan tabbas iskar gaban hadari ce. Hadarinmu yakan jeru ne ya taso daga gabas. Ruwan da ke zuba a cikinsa yana janyo iska mai sanyi ƙasa, ta bugi ƙasa ta bazu gaba da ƙarfi, ita ce wannan sanyin da ƙurar da ke riga ruwa isowa. Miƙe take tafiya, ba juyawa, amma takan yi ƙarfin da zai tuge bishiya. Mu muna nesa da inda iskar ƙanƙara ta arewacin duniya ke karo da mai zafi, shi ya sa tonado ba ta cika zuwa mana ba. Amma ba Amurka kaɗai ke da ita ba. Afirka ta Kudu na ganinta, kuma wadda ta fi kowace kisa a tarihi a Bangladesh aka yi ta, ranar 26 ga Afrilun 1989, inda kimanin mutum 1,300 suka rasu.

Ga aikin gida. In iska ta sake yin ɓarna a unguwarku, bayan ta lafa ki zagaya da littafinki ki duba inda abubuwa suka kwanta. In bishiyoyi da turakun wuta da kwanon rufi duk sun fuskanci gefe ɗaya, galibi yamma, miƙaƙƙiyar iska ce. In kuwa kin ga siririn layi na ɓarna, abubuwa sun faɗi suna kallon juna, wasu gabas wasu yamma, gidan da ke gefe kuma ko ƙwarzane babu, to ki zana taswirar ki aiko mini. Ki kuma leƙa rufin ajin naku da aka gyara, ki ga ko an ɗaure katakon da bango da ƙarfe, ko ɗora shi kawai aka yi aka buga ƙusa.